Yadda ake haɗa gangar dungur, da yadda ake hawanta zuwa duniyar iskoki a ƙasar Tuva

A borin ƙasar Hausa mutum ne abin hawa. Namiji doki, mace goɗiya, mai garaya ya yi ta kiɗa har iska ta sauko ta hau. A Tuva abin a juye yake: ganga ce dokin, mutum ne mahayin, kuma ba ya zama jiran iskoki su zo su same shi, shi ne ke ɗaura sirdi ya bi su har gida. Duk matakan da ke tafe a kan wannan suka ginu. In ka ga ana shayar da ganga madara, ko ana kiran makaɗinta bulala, ka tuna doki ake kiwo.

Tuva jamhuriya ce a cikin Tarayyar Rasha, a kudancin Saiberiya, tana iyaka da Mongoliya. Mutanenta ba su kai dubu 350 ba, galibinsu jikokin makiyaya ne, harshensu kuma dangin Turkanci ne. Babban birninsu Kizil yana daidai inda koguna biyu, Bii-Khem da Kaa-Khem, suka haɗu suka zama kogin Yenisei. Tuva ta yi zaman ƙasa mai gwamnatinta daga 1921 zuwa 1944, kafin ta shiga Tarayyar Sobiyet. Kalmar shaman da duniya ta sani, wato mai hulɗa da iskoki, daga harshen Ebenki, wata ƙabilar Saiberiya, ta fito, Rashawa suka ɗauka suka yaɗa ta. Su mutanen Tuva kham suke cewa, gangar kuma dungur. Da kham zan yi amfani a nan, don kalmar boka ta zo da nata kayan da ba duka ne suka dace da mutumin ba. Abin da suka gaskata zan faɗa yadda suka gaskata shi, ba wai ina yi musu shaida ba.

Mataki na 1: a san wanda za a yi wa gangar

Ba a haɗa dungur a rataye a kasuwa ana jiran mai saye, aƙalla a tsarin gargajiya. Kowace ganga da mai ita tun kafin a sare itacenta.

Abin yakan fara da ciwo. Saurayi ko budurwa su shiga rashin barci, mafarkai, suma, yawo a daji, magana su kaɗai. Dangi su kira tsohon kham ya duba. In ya ce kiran kakanni ne, an san inda aka dosa. Mongush Kenin-Lopsan, masanin al'adun Tuva da aka haifa a 1925 ya rasu a 2022, wanda ya shafe shekaru yana tattara waƙoƙin tsofaffin kham, ya kasa su gida biyar bisa asalin baiwarsu: masu gado daga kakanni, waɗanda suka samu daga iskokin ƙasa da ruwa, 'yan sama, sai waɗanda suka samu daga albis, da waɗanda suka samu daga aza, iskoki biyu da ake tsoro. Masu gado ne aka fi ganin girmansu.

Sabon shiga ba ya fara da ganga. Sanda ake ba shi, dayak, mai rassa a kai, an ɗaura mata tsummoki. Da ita zai yi ta ƙananan ayyuka har a ga ya nuna. Sannan, a cewarsu, iskokinsa su faɗa masa irin itacen da irin dabbar da suke so, shi kuma ya faɗa wa dangi. Dangi da masu sana'a ne ke yin aikin hannun, shi nasa umarni.

Mataki na 2: itacen kango

Dungur ganga ce mai fuska ɗaya, bayanta a buɗe. Wanda ya san bandiri ya san siffarta, sai dai ta fi shi girma nesa ba kusa ba, don takan kai santimita 60 zuwa 70 daga baki zuwa baki, wata ma ta wuce.

Itatuwan da ake nema su ne dit, wani dogon itace mai ganye kamar allura da ke kakkaɓe ganyensa in sanyi ya gabato, ko posh, danginsa mai 'ya'ya da ake ci. Kafin a sa gatari sai an ɗaura wa itacen tsummoki masu launi, calama, an yayyafa masa madara, an nemi afuwar mai wurin. A wajensu kowane dutse, kowace maɓuɓɓuga, kowane kurmi da mai shi. A wasu yankunan ba a ma kada itacen, tsagi ɗaya ake cirewa daga gefensa a bar shi da ransa.

Ga lissafin masassaƙi. Ganga mai faɗin santimita 70, zagayenta santimita 220 ne. Ƙara kamu ɗaya don inda bakunan za su hau juna, ka ga ana bukatar falle mai tsawon mita biyu da rabi da ɗoriya. Faɗinsa kamar tafin hannu da rabi, kaurinsa bai kai na ɗan yatsa ba. A bi jijiyar itacen a tsaga shi, kada a yanka ta tsakiya, don fallen da aka tsinke wa jijiya karyewa yake a wajen lanƙwasa. A sassaƙe shi da gizago har kaurin ya daidaita daga farko zuwa ƙarshe. Inda ya fi kauri zai ƙi lanƙwasuwa, inda ya fi siriri zai yi gwiwa, sai ganga ta fito kamar ƙwai.

Tun yana ɗanye ake lanƙwasa shi. A jiƙa shi da ruwan zafi ko a yi ta gasa shi a gefen wuta, ana tanƙwarawa kaɗan kaɗan a jikin kututture ko turakun da aka kafa a da'ira. Gaggawa a nan asara ce: ƙara ɗaya za ka ji, ƙas, aikin kwana biyu ya tafi. A fere bakunan biyu su yi siriri yadda in sun hau juna ba za su yi tudu ba, a huda, a ɗinke da tsirkiyar fata. Sai a ajiye a inuwa ya bushe a ɗaure.

A bayan kangon, ta inda fata za ta rufe, akan kafa wasu 'yan ƙulle-ƙullen itace a jere, a ja jijiya ta bisa kansu. In fata ta hau sai ta ɗan ɗago a wuraren, iska ta samu wurin zama tsakaninta da itace. Shi ne ke ba gangar kudancin Saiberiya gefe mai tudu-tudu da kuma zurfin murya.

Mataki na 3: mariƙi da ƙarafa

A cikin kangon, daga sama zuwa ƙasa, ana kafa mariƙin itace, galibi na wani itace mai farin ɓawo da suke kira khading. Hannun hagu ke kama shi. Maƙwabtan Tuva na tsaunukan Altai sukan sassaƙa masa kai da fuska, da idanun jan ƙarfe, su ce shi ne mai gangar, wato kakan da aka gāda. A gicciye ana sa sanda ko ƙarfe, wanda mutanen Altai ke kira kirish, ma'ana tsirkiyar baka, don ganga in ta ga dama doki ce, in ta ga dama baka ce ta harbin miyagun iskoki. Maƙeri ya ƙera 'yan ƙarafa masu siffar kibiya da ƙananan ƙararrawa a rataya a jiki. Kowane bugu sai sun amsa, shi ya sa sautin dungur ba dum kawai ba ne, dum ne da caccaka a bayansa kamar akayau.

Mataki na 4: fata

Nan ne ran gangar yake, don dabbar da aka ɗauki fatarta ita ce za a hau. Akan nemi namijin maral, wata babbar barewar daji mai ƙaho kamar rassan itace, ko bunsurun dutse. Mutanen Toju na gabashin Tuva, masu kiwon barewar ƙanƙara, su a wajensu gangar barewa ce, na filin makiyaya kuma suka fi kiranta doki. Kowa da abin hawan da ya sani.

Ba a jeme ta. Fatar da ta sha jima laushi take yi, ta dace da jaka da takalmi, amma ba ta da murya. Ɗanya ake so. A jiƙa ta kwanaki har gashin ya fara saki, a shimfiɗa a kan gungume a kankare gashi ta waje, kitse da saura nama ta ciki. Wuƙar kada ta yi kaifi da yawa, kuma a kwance ake riƙe ta. Ɗan tsagi kamar na farce, wanda ido ba ya gani tana jiƙe, shi ne zai buɗe baki ranar da aka gasa gangar a wuta.

A aza kangon a kan tsakiyar bayan fatar, inda kaurin ya fi daidaita, a yanka da'ira a bar rara mai yawa, wadda za ta rufe gefen kangon gaba ɗaya har ta lanƙwaso ciki. Mutum biyu ko uku ke ja. A fara ɗaure wurare huɗu masu fuskantar juna, gabas da yamma, kudu da arewa, sannan a bi tsakankaninsu, kullum ana ja daga ɓangarori biyu a lokaci ɗaya. A ɗinke bakin fatar a jikin kango da jijiya, ɗinki kusa da kusa.

Kuskuren sabon hannu shi ne ya ja ta har ta yi tauri tun tana jiƙe. Ɗanyar fata tsukewa take in ta bushe, kuma ƙarfin tsukewar ya isa ya murɗe kango. A bar ta yadda in ka danna tsakiya da yatsa za ta ɗan lotsa. A ajiye a inuwa, nesa da wuta da rana, kwanaki, ana juyawa. Kada a buga ta sai ta bushe ƙarau.

Zane kuwa ya danganta da wuri. Mutanen Altai da Khakas sun yi fice a kansa: da jan dutse da farar ƙasa suke raba fuskar gangar, sama ga rana da wata da taurari da mahaya, ƙasa ga kwaɗi da macizai da kifaye. Taswirar hanyar da za a bi ke nan. Gangunan Tuva da yawa ba su da irin wannan cunkoson zane.

Mataki na 5: orba

Makaɗin dungur ba lanƙwasasshe ba ne irin na kalangu. Kamar muciya yake mai faɗin kai, na itace ko ƙaho. Fuskar da ke dukan ganga a naɗe ta da fata mai gashi, irin ta ƙafar dabba, don sautin ya fito da kauri ba tas-tas ba. A bayansa a kafa ƙarfe mai zobba. Sunansa orba, kuma shi ne bulalar dokin. Yana da wani aiki na biyu da za mu zo kansa.

Mataki na 6: a rayar da ita

Duk da an gama, har yanzu itace ce da fata. Sai an yi bikin rayarwa, wanda masanin Rasha Leonid Potapov ya yi dogon bayaninsa a tsakanin ƙabilun Altai. Dangi su taru, a yanka dabba, a kawo araka, giyar madara da suke tatsa. A wurare da dama mahalarta kan karɓi gangar ɗaya bayan ɗaya su buga kafin mai ita ya karɓa. Bayan ranar kuwa hannun kowa ya fita daga kanta, in ba na mataimakin kham ba.

A yayyafa wa kangon, sai kham ya rera da bakin itacen: a gangaren da na tsiro, ruwan da na sha, ranar da aka zo da gatari. A yayyafa wa fatar, ya rera da bakin dabbar: inda uwata ta haife ni, ciyawar da na ci, kwazazzabon da maharbi ya tsare ni. Yana yi yana kwaikwayon tafiyarta da kukanta. Ma'anar ita ce ya bi sawun kurwar dabbar har inda ta faɗi, ya kamo ta, ya shigar da ita gangar. Daga nan sai horo, kamar yadda ake horar da ɗan dukushi: ganga ta yi tutsu, ta yi fizga, ya yi ta fama da ita a gaban jama'a har ta miƙa wuya. Wannan biki a ganina shi ne jarrabawar kham ta gaskiya, don a gaban makiyaya da maharba yake yi, mutanen da suka san yadda barewa ke ɗaga kai in ta ji motsi. Wanda bai iya ba, a take za a gane.

Mataki na 7: shirin daren tafiya

Ba a hawa don nishaɗi. Sai da dalili: wani ya kwanta ciwo ana zaton kurwarsa, sunezin, ta ɓace ko an sace ta, dabbobi na mutuwa, ko an yi rasuwa, don a Tuva ana kiran kham ranar kwana 7 da ranar kwana 49 ya yi magana da mamacin ya sallame shi. Masu bukata ne ke zuwa ɗaukar kham, su kuma ɗauko masa kayansa.

Bayan faɗuwar rana ake farawa, a cikin og, zagayayyen tantin makiyaya na dunƙulallen gashin tumaki, murhu a tsakiya, kafar hayaƙi a sama. Maza a gefensu, mata a nasu, majinyaci a shimfiɗarsa.

Aikin farko na mataimaki ne: gasa ganga. A ƙasar da sanyin hunturu ke kai digiri 40 ƙasa da sifili, fata saki take yi ta koma kamar tsumma. Sai ya riƙe ta nesa kaɗan da wuta, yana juyawa, yana shafa fuskar da tafin hannu don zafin ya bazu, yana ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa. Da fari za ka ji faf, faf, kamar ana dukan buhu. Can sai muryar ta fara tashi, har ta kai inda bugu ɗaya ke daɗewa yana kai-komo a cikin tantin. Nan zai tsaya. In ya zarce, ta tsage. Kuma cikin dare in ta sake saki, shi ne zai karɓa ya sake gasawa, kham na ci gaba da waƙa da orba a hannu.

Na biyu hayaƙi. Artish wani ɗan gajeren itacen tsauni ne mai ƙamshi, ana busar da rassansa a daka. A zuba a kan garwashi a faranti, a zagaya da shi gangar, da orba, da rigar, kham ya ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya a turara, sannan majinyaci da sauran jama'a. A ɗauko tos-karak, cokalin itace mai ramuka 9, a tsoma a madara ko shayin madara, a watsa wa wuta da kusurwoyin duniya. A jefa wa wutar kitse da loma mai kyau, don ita ma da mai ita.

Na uku sutura, kuma mataimaki ne ke sa masa. Riga mai nauyi da aka rataya wa ƙarafa da dogayen tsummoki da aka murɗa kamar macizai, hula mai gashin tsuntsu a tsaye da tuntaye masu rufe ido, takalma na musamman, da madubin tagulla, kuzungu. A rataye eren ɗinsa a kusa, wato 'yan siffofin itace, ƙyalle ko fatar dabba da iskokinsa mataimaka ke zama a ciki.

Mataki na 8: kira, hawa, tafiya

A zaune yake farawa, kusa da wuta, ya sunkuyar da kai har fuskarsa ta shige bayan gangar. Bugun a hankali, da tazara. Muryar ƙasa-ƙasa, cikin gangar yake rerawa, fatar na mayar masa da ita. Waƙar ita ce algish, kuma da kirari take farawa: ya kira iskokinsa ɗaya ɗaya da sunansu da siffarsu, ya yabi tsaunuka da kogunan yankin, ya faɗi asalinsa. Yakan yi hamma, ya yi fito, ya yi kukan hankaka, na mujiya, na kyarkeci. Duk wanda ya amsa kira, sai ya karkata gangar kamar mai tarar abu, ya buga da ƙarfi sau ɗaya: ya shigo. Jama'a na ganin gangar na ƙara nauyi a hannunsa.

Kada a yi gaggawar wannan kashi. Yakan ci lokaci mai tsawo, kuma shi ne ke tara hankalin ɗakin wuri guda.

In sun hallara sai ya miƙe. Kiɗan ya sauya ya koma sukuwa, ƙarafan riga da na ganga suka ɗauka gaba ɗaya. Yana juyi, yana tsalle, wani lokaci ya sa gangar a tsakanin cinyoyinsa yana zuba mata orba kamar mai zaburar doki. Duniya uku suka sani: ta sama, ta tsakiya da muke ciki, da ta ƙasa inda Erlik ke sarauta. Neman kurwar majinyaci galibi ƙasa yake kaiwa. Tafiyar sama kuma tana da nata tsari: a Altai, kamar yadda masanin harsuna Wilhelm Radloff ya wallafa a 1884, akan kafa itacen khading a cikin tanti a yi masa tsaga 9, kham na taka kowace tsaga yana shelar ya huda wani saman, har ya isa gaban Ulgen, mai sarautar sama a wajensu.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi, kham ba ya yin shiru ya bar mutane a duhu. Duk inda ya kai yana faɗa. Ga shi a bakin kogi, kiɗan ya lafa, yana neman mashigi. Ga shi a kan wani siririn ƙetare, yana tangaɗi, jama'a sun riƙe numfashi. Ya haɗu da mai tsaron hanya, sai ka ji murya biyu daga baki ɗaya, tasa da ta wancan, ana ciniki: me za a bayar, tunkiya ko tsumma, a saki kurwar. In lallashi ya ƙi, a koma faɗa, ganga ta zama garkuwa, ƙarafanta kibau. Mutanen ɗakin ba 'yan kallo ba ne, suna amsawa, suna ƙarfafa masa gwiwa, mataimaki na tsaye kusa don kada ya faɗa wuta.

Mataki na 9: dawowa

Kowa na iya fita hayyacinsa in kiɗa ya yi kiɗa. Abin da ya sa ake ɗaukar doki a je a ɗauko kham daga nesa shi ne ya san hanyar gida, kuma yana dawowa da abin da aka aike shi. In ya kamo kurwar sai ya rufe ta a cikin gangar, ya manna bakin gangar a ƙirjinsa, ya juyo ta hanyar da ya bi, masauki bayan masauki, ba ya tsallake ko ɗaya. Da isowa ya nufi majinyaci, ya kifa gangar a kansa ya buga, a wasu wuraren a saitin kunnen dama, don kurwar ta koma mazauninta. Ya shafe shi da orba daga kai zuwa ƙafa, ya kakkaɓe a bakin ƙofa.

Sai sallama. Duk wanda aka kira da suna a farko, a sallame shi da suna. Kiɗan na raguwa har ya mutu.

Yanzu aikin orba na biyu. Kham ya jefa shi sama wajen majinyaci ko wani daga cikin dangi, kowa ya zuba ido. In ya faɗi gefen gashi a ƙasa, bayansa mai zobba na kallon sama ko akasin haka, kowanne da fassararsa, ɗaya alheri ɗaya gargaɗi, kuma akan maimaita har sau uku. Wanda ya faɗo gabansa ya ɗauka ya miƙa da hannu biyu. Mataimaki ya cire masa rigar da ta jiƙe sharkaf, a miƙo shayin madara mai gishiri. Yana sha yana faɗin abin da ya gani da abin da za a yi: a ɗaura calama a maɓuɓɓuga kaza, a keɓe dabba kaza kada a yanka ta kada a hau ta. A da lada dabba ce ko ƙyalle ko fata, gwargwadon ƙarfin gida.

Sigar da ta tafi Turai da Amurka

Wanda ya bincika wannan batu a intanet, ba wannan zai fara gani ba. Zai ga mutane kwance a tabarma, an ɗaure musu ido, wani na buga ganga ko an sa musu na'urar kunne. Wannan tsarin Michael Harner ne, masanin al'adu ɗan Amurka, wanda ya yaɗa shi daga 1980. Ya tsame abin da yake ganin shi ne gama-gari a al'adu daban daban: bugu ɗaya mara sauyi, 205 zuwa 220 a minti, na kamar minti 10 zuwa 30, mutum ya ƙudura tambaya ɗaya, ya suranta wani rami ko kogo da ya sani, ya shiga ta nan, in ya ji kiɗan ya sauya zuwa alamar kira ya juyo ta inda ya bi. Masu bin tsarin sukan kafa hujja da gwajin wani mai bincike, Andrew Neher, na farkon shekarun 1960, cewa bugu mai maimaituwa na jan kaɗawar ƙwaƙwalwa zuwa yanayin da ke tsakanin barci da farke. Masana da dama sun soki yadda aka yi gwajin.

Ni abin da na gani, an ɗauki dokin an bar garin. Babu majinyaci, babu dangi, babu waƙar da ke faɗa wa jama'a inda aka kai, kuma wanda ke tafiyar ba shi ke riƙe da linzami ba. Kiɗan kham kuwa bai taɓa zama bugu ɗaya ba, yana tafiya yana sukuwa yana tsayawa shan ruwa.

Amma tarihin ya ɗan cakuɗe. A shekarun 1930 hukuma ta ƙwace ganguna ta ƙone, an ɗaure kham da yawa, waɗanda suka rage suka koma yi a ɓoye. Da Sobiyet ta rushe, Kenin-Lopsan ya jagoranci kafa ƙungiya mai suna Dungur, a 1993 kuma mutanen cibiyar Harner suka zo Kizil aka yi taro tare. Bayanta wasu ƙungiyoyin suka biyo, irin su Tos-Deer da Adig-Eeren. Yau a Kizil za ka tarar da kham a gida mai ɗakuna, da katin shaida da jerin farashi a bango, ana bin layi kamar a ɗakin shan magani, kuma da rana tsaka ake yi. Tuva na cikin yankunan Rasha da tarin fuka ya fi yi wa ɓarna, ganga kuwa ba ta kashe ƙwayar cutarsa, don haka mai tari asibiti ne wurinsa ko da ya biya ta wajen kham.

In ka samu kanka baƙo a irin wannan zama, ka'idojin kaɗan ne: kada ka taka dokin ƙofa, kada ka taɓa gangar ko rigar, kada ka tsallake su, kada ka jefa shara a wuta, kada ka gitta tsakanin kham da murhu, hoto kuma sai ka tambaya tun kafin a fara.

Mataki na ƙarshe: ranar da aikinta ya ƙare

Gangar da ta tsage a tsakiyar tafiya mugun abu ce a wajensu, don rayuwar kham a ɗaure take da ita. Mutanen Shor, maƙwabta ta arewa maso yamma, har cewa suke an ƙayyade wa kowane kham adadin gangunan da zai yi a duniya, in ta ƙarshe ta mutu shi ma ya kusa. Tsakanin tafiya da tafiya a rataye ta a wurin daraja na tanti, nesa da danshi, a rufe.

Ranar da kham ya rasu ba a ba ɗansa gangar. A kai ta inda aka ajiye shi, can nesa da mazauni, a sa wuƙa a farke fatar don dabbar da ke ciki ta fita ta ɗauke shi, sannan a rataye kangon da orba da rigar a reshen itace kusa da shi. Ƙarafan da madubin tagulla ne kawai wani lokaci dangi ke ajiyewa, su jira ranar da wani jika zai fara rashin barci.